Yadda nake amfani da shimfiɗar doki a madadin ƙasar bayan gidan kyanwa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Mu da muka taso a gida babu wanda ya taɓa sa kuɗin bayan gidan kyanwa a lissafin cefane, kyanwa dai ta zagaya bayan ɗaki inda rairayi yake ta tona ta yi abinta ta rufe, shikenan. Sai da na zo Amurka na zauna a gidan haya mai kafet tun daga bakin ƙofa har ɗakin kwana, ga kyanwoyi biyu da ba sa leƙa waje, sannan na gane ashe ƙasar da za su yi fitsari a kai ma saye ake yi, kuma duk wata sai ka saya. Su kansu mutanen nan ba da ita suka tashi ba, a da toka da yashi suke zubawa, sai a 1947 wani Edward Lowe a jihar Mishigan ya fara sayar da busasshen yumɓu a jaka don kyanwoyi, daga baya a shekarun 1980 aka fito da irin wadda take dunƙulewa idan fitsari ya taɓa ta, ita ce yanzu ta cika shaguna.

Ita na yi shekaru ina saye. Ga tsada ga nauyi ga ƙura, amma abin da ya fi damuna shi ne ƴan tsakuwoyin nan da suke maƙalewa a tafin ƙafar kyanwa ta yi ta barbaɗa su ko ina a gidan, da asuba in shimfiɗa sallaya in ji su a ƙarƙashin gwiwata, kuma na san daga inda suka fito. Wata maƙwabciyata mai kiwon dawaki ce ta ga ina jan katon ɗin daga mota ta ce me zai hana in gwada abin da take zuba wa dawakinta a barga. Tun daga nan ban koma ba, kuma zan faɗa muku yadda nake yi dalla-dalla har da inda abin yake da matsala, don yana da ita.

Wace shimfiɗar doki nake nufi

Shimfiɗar barga iri-iri ce, akwai tattaka, akwai fiffiken katako irin wanda yake zubowa idan kafinta na goge katako, akwai ta takarda. Duk ba su nake nufi ba. Tattaka ba ta shan fitsari sosai, fiffiken katako kuma ba shi da nauyi, yana maƙalewa a gashi ya bi kyanwa har kan gado. Wadda nake magana a kai ita ce ta ƙwaya-ƙwaya, felet, kamar abincin kifi amma dogo kaɗan, kaurinsa wajen milimita 6. Garin katakon itacen fayin (pine) ne ake gasawa ya bushe ƙarau sannan a matse shi da injin, zafi da matsin su suke sa ɗankon da yake jikin itacen ya riƙe shi, ba sai an sa gam ba. Da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya warware ya koma gari, garin ya shanye fitsarin ya kama zarnin.

A nan a shagon kayan noma da kiwo na Tractor Supply nake saye, buhu laba 40 wato kusan kilo 18, kuma bai kai dala 10 ba. Akwai irin wannan felet ɗin na fayin da ake sayarwa da hoton kyanwa a jikin buhu, kamar Feline Pine, amma kuɗinsa ya ninka wancan. Waɗanda suke Ingila su je shagunan kayan dawaki, a can yawanci buhu kilo 15 ne. A gidana da kyanwoyi biyu buhu ɗaya yana haura wata guda.

Da farko, zaɓen buhu

Dan Allah a nan ku tsaya ku karanta jikin buhun, kar arha ta ruɗe ku. Abu uku nake dubawa: a rubuta cewa zallan fayin ne ko itace mai laushi irinsa, a rubuta cewa an gasa shi a tanderu ya bushe, a rubuta cewa ba a haɗa shi da komai ba.

Dalilin gasa shi a tanderu shi ne ɗanyen fayin yana da wani mai a jikinsa mai ɗauke da sinadarin finol, ita kuma kyanwa hantarta ba ta iya sarrafa irin waɗannan sinadarai kamar tamu ko ta kare, wannan raunin ne ma ya sa ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa, ku riƙe wannan ko da ba za ku sayi felet ba. Gashin tanderu yana rage man. Itacen sida (cedar) kuwa mai ƙamshin nan, ku bar shi gaba ɗaya. Sannan a shago ɗaya za ku ga wasu buhuna masu kama da shi sak, na hura wutar ɗumama ɗaki da na gashin nama. Na gashin nama itace ne mai tauri kuma wani ana sa masa man ƙamshi, ba na kyanwa bane. Na ɗumama ɗaki akwai masu amfani da shi, amma ba kowanne ake bayyana me aka haɗa a ciki ba, ni dai na tsaya a kan wanda aka yi don dabba ta kwanta a kai. Haka ma idan an rubuta an sa masa turare ko maganin ƙwari, ku ajiye.

Duk sabon buhu ina yi masa gwaji kafin in zuba. In ɗebi cikin tafi guda in zuba a kofin gilas in ƙara ruwa, cikin ƴan mintuna zai warware ya zama gari mai haske, ƙamshinsa na katako kawai kamar ka shiga shagon kafinta. Idan kun ga maiƙo yana yawo a saman ruwan, ko ɗigo-ɗigon fenti a garin, ko wari kamar na kananzir, to wannan buhun kar ya shiga wajen kyanwa.

Na biyu, robar

Ana iya amfani da roba ɗaya ta yau da kullum, irin wadda ake zuba wa kyanwa ƙasar bayan gida a ciki, amma aikin ya fi sauƙi da roba biyu, ɗaya a cikin ɗaya, ta saman a huhhuje. Duk wanda ya san madambaci ya gane tsarin, sai dai a nan gari ne yake sauka ƙasa ba tururi ne yake hawa sama ba. Ana sayar da irinta a haɗe amma ku duba ramukan, wasu sun yi faɗi felet ɗin ma zubewa yake, wasu kuma an yi su ne don yumɓu.

Ni da kaina na haɗa tawa. Na sayi manyan robobin ajiyar kaya guda biyu iri ɗaya, na huda ƙasan ɗaya da dirila, ramuka masu yawa kusa da juna, kowanne milimita 4 zuwa 5, wato ƙasa da kaurin felet ɗin. Bayan hudawa sai na bi da sanfefa na goge duk wani kaifi don tafin kyanwa zai taka wajen. Sai a sa ƴan katakai ko murafun kwalba a kusurwoyin ta ƙasan don a samu rata kamar faɗin yatsa biyu zuwa uku inda garin zai taru, in ba haka ba ta saman za ta zauna a kan jiƙaƙƙen gari. A ta ƙasan nakan watsa felet cikin tafi biyu saboda fitsarin da yake zarcewa kai tsaye. Girman robar ya kai tsawon kyanwar sau ɗaya da rabi don ta iya juyawa, kuma ƙa'idar likitocin dabbobi ita ce yawan kyanwoyinka ka ƙara roba ɗaya, kyanwa biyu roba uku. Idan kyanwar tsohuwa ce a yanke bakin shiga ya yi ƙasa.

Wajen zubawa kar a cika. Zurfin santimita 3 zuwa 4 ya isa, wato ya rufe ƙasan robar sosai. Mutane sun saba da yumɓu da ake tulawa, shi wannan kumbura yake yi, in kun tula asara ce kuma tankaɗen zai yi wuya.

Na uku, sabar da kyanwar, kuma nan ne duk aikin yake

Kyanwa asalinta ƴar sahara ce, kakanninta kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, shi yasa tafinta yake son abu mai laushi kamar rairayi. Felet kuwa a wajenta kamar mu ne a ce mu taka burji ba takalmi. Wata ba ruwanta, wata kuma sai an lallaɓa, kuma ba za ku san wacce kuke da ita ba sai kun gwada.

Kar ku wayi gari ku zubar da tsohuwar ƙasar ku cika robar da felet. Yadda na yi shi ne, na bar tsohuwar robar a inda take yadda take, na kawo sabuwa na ajiye kusa da ita. A wannan lokacin roba marar huji za a yi amfani da ita don yumɓu yana toshe ramuka. A makon farko na shimfiɗa felet siriri a ƙasa na rufe shi ruf da ƙasar da suka saba, in sun tona sai su ci karo da shi kaɗan-kaɗan su saba da ƙamshin. Na kuma ɗauko ɗan kashinsu na sa a ciki don su gane wajen na mene ne. Mako na biyu rabi da rabi. Mako na uku felet ya fi yawa, yumɓun barbaɗe kawai a sama. Sai da na ga suna shiga sabuwar da kansu kullum sannan na ɗauke tsohuwar, sannan kuma na koma roba mai huji. A tsakiyar nan cakuɗin yumɓu da garin katako ba shi da kyan gani kuma ba ya kwasuwa da daɗi, ku yi haƙuri da shi, na ɗan lokaci ne.

Muzuruna kwana uku ya yi ya karɓa. Macen kuwa, wadda ta manyanta, sai ta zo ta ɗora ƙafafunta huɗu a bakin robar tana lilo don kar ta taka, in ƙafa ɗaya ta zame ta taɓa felet sai ta ɗaga ta tana yarfewa. Na yi gaggawa na ɗauke mata tsohuwar robar a mako na uku, washegari na tarar da fitsari a kan tabarmar banɗaki, ta zauna a gefe tana kallona. Laifina ne, na mayar mata da robarta muka koma rabi da rabi. Abin da ya taimaka daga ƙarshe dabarar masu dawaki ce, su sukan yayyafa wa felet ruwa ya buɗe ya yi laushi kafin doki ya kwanta, nima sai na riƙa fesa ruwa kaɗan a saman nata har saman ya zama gari-gari, ta samu abin tonawa. Sai da muka yi mako biyar.

Idan ta yi a waje kar a doke ta, kar a yi mata tsawa, kar a kama ƙafarta a tona mata da ƙarfi, duk wannan tsoron robar yake sa mata. A koma baya mataki ɗaya kawai. Wajen da ta ɓata a wanke shi da maganin wanke fitsarin dabbobi da ake sayarwa, kar a sa abin da yake da amoniya don warinsa irin na fitsari ne, zai sake kiranta wajen. Kuma in kun yi wata biyu tana ƙi to ku haƙura, ba ta so, ƴan dalolin ba su kai a ce dabbar da aka kulle a ɗaki tana riƙe fitsari ba, amana ce a hannunmu.

Na huɗu, aikin kullum

Kwasar dattin felet akasin ta yumɓu ce. A yumɓu abin da ya tsaya a matsami shi ne datti, a nan kuma abin da ya tsaya shi ne mai kyau, garin da ya zube shi ne fitsarin.

Kashi a kwashe shi da an gani, aƙalla safe da yamma. Gaskiya felet yana kama zarnin fitsari fiye da duk abin da na gwada, amma warin kashi ba ya ɓoye shi don ba ya rufuwa sosai, wasu kyanwoyin ma ba sa ƙoƙarin rufewa. Wajen kwashe kashi matsami mai manyan ramuka ya fi, felet ya zube kashin ya tsaya, ko kuma a sa hannu a leda a ɗauke a juya ledar a ƙulle. Bayan nan sai a motsa felet ɗin da matsamin ko a ɗan girgiza robar sama kamar ana tankaɗe, garin ya sauka. A hankali ake yi don busasshen garin yana tashi, mai asma ya sa takunkumi. Ta ƙasan nakan juye ta duk bayan kwana biyu, da zafi kullum. Sai a ƙara sabon felet cikin tafi biyu uku a maye abin da ya tafi. Masu roba ɗaya kuma su ture busasshen felet gefe guda su kwashe garin da abin kwasar shara.

Duk mako ko mako biyu a juye komai a wanke robobin da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke marar ƙamshi, a bari su bushe ƙarau kafin a zuba sabo, in da sauran danshi felet ɗin zai warware a banza. Ga wani abu da mu Hausawa ya kamata mu ji da kyau don mun saba duk wankin banɗaki sai an ɗiga Dettol ko Izal: kar su kusanci robar kyanwa. Dangin finol ɗin nan ne a cikinsu, ta taka ta lashe ƙafarta ya shiga cikinta. In za a sa bilic to sai an fara wanke fitsarin tas, don bilic da fitsari in sun haɗu suna fitar da iska mai guba, a sirka shi da ruwa da yawa sannan a ɗauraye sosai.

Sa ido a kan fitsarin

Wannan shi ne babban abin da aka rasa in an bar yumɓu. A can kana ganin dunƙulen fitsari ka san sau nawa ta yi da yawansa, a nan sai ka lura da wuraren da garin ya taru. Kullum kafin in motsa nakan duba, in ga wuri nawa ne ya jiƙe. Abu mai kyau shi ne garin yana da haske, in akwai jini a fitsarin za a ga ja-ja. Masu muzuru ku fi kowa lura, hanyar fitsarinsa siririya ce tana iya toshewa. In kun ga yana shiga yana fita yana yunƙuri yana kuka yana lasar gabansa kuma felet ɗin a bushe, kar ku ce sabon felet ne yake ƙi, ku kai shi likitan dabbobi a lokacin ko da tsakar dare ne, wannan toshewar tana kisa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Kyanwar da dama tana da ciwon ƙoda ko na suga ko ta taɓa toshewa, a tambayi likitanta kafin a canja mata. Haka wadda aka cire wa farata ko mai ciwon gaɓɓai, tafinta ba zai ji daɗin taurin ba. Ƴan jarirai kuma a lura kar su riƙa ci. Robar nan mai kwashe kanta da lantarki ita ma yawanci don yumɓu aka yi ta.

Zubarwa da ajiya

Kar a zuba a masai, kumburin da yake yi a roba shi zai yi a bututu. A ƙulle a leda a kai bola. Wasu suna kai garin fitsarin gindin furanni tunda itace ne zai ruɓe, amma kashin kyanwa kar ya je wajen abin da za a ci, ko tumatir ko alayyahu, saboda ƙwayar cutar tokzoplazma da take iya zama a ciki. Ita wannan ƙwayar sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a cikin kashin kafin ta iya kama mutum, wannan ma wani dalili ne na kwashewa kullum. Mai juna biyu ta bar wa maigida ko wani wannan aikin har ta sauka don cutar tana iya taɓa ɗan cikin, in ba yadda za ta yi ta sa safar hannu ta wanke hannu da sabulu.

Buhun kuma maƙiyinsa danshi. Na taɓa barin ɗaya a kan simintin gareji, na zo ɗauka na tarar ƙasansa ya kumbura ya koma gari. Yanzu da na buɗe sai in juye a babban bokiti mai murfi in ɗora a kan katako. Wanda ya yi fumfuna a zubar.

Ƴan uwa na gida kan tambaye ni ko garin katakon da masu kaji suke saye a wajen ƴan katako zai yi. In kyanwar tana fita tsakar gida to ba ku da wannan matsalar tun farko, in kuma a bene kuke to rairayi mai tsafta a baho ya fi mata komai daɗi, a riƙa canja shi akai-akai don ba ya kama zarni. Garin ƴan katako haɗe-haɗe ne, akwai na filawud mai gam a ciki, akwai na katakon da aka shafa wa maganin gara, kuma ba a gasa shi ba. Sai dai in kun san mai injin kun tabbatar daga zallan itace ya fito, a shanya shi a rana ya bushe sosai, a tankaɗe lallausar ƙurar a zubar, a yi masa gwajin kofin nan, sannan a fara da shimfiɗa shi siriri a ƙarƙashin rairayin da ta saba.